Daren Talata da salatin tako

Ƴan uwa mata na ƙungiyoyin asusu, na kusa da na nesa. Gaisuwa ce daga ƙungiyarmu da ke nan Maradi. Mu ashirin da biyar ne, ranar Talata bayan la'asar muke zama, kuma shekararmu ta shida ke nan muna zubi tare. Mun saba in muka aiko da takarda, to lissafin rabo ne ko labarin sana'a. Yau labarin abincin dare muka kawo muku, wani abinci na mutanen Amurka da suke kira salatin tako. Kada ku yi dariya tukuna. Saura ƙiris abincin dare ya raba mu da ɗaya daga cikinmu, shi ya sa muka ga maganar ta isa a rubuta.

Duk wadda ke cikin asusu ta san yadda marecen ranar zama yake. An ce ƙarfe huɗu, amma ba a cika sai huɗu da rabi. A buɗe akwati, a kira suna, kowa ta yi zubi, masu bashi su biya, masu buƙata su faɗi buƙatarsu, a ƙirga kuɗi sau biyu a gaban kowa, sannan masu makullai uku su rufe. Kafin a shafa fatiha rana ta yi ja. Sai ki ga kowa na gyara mayafi tana kallon ƙofa, jikinta na kan tabarma, hankalinta na madafa. Ga shi tuwo ba ya son gaggawa. A hura wuta, a jira ruwa ya tafasa, a yi talge, a tuƙa, a bar shi ya turara, ga miya a gefe ita ma tana nata jiran. Wadda ta shiga gida da kiran magariba, ko ta kai wa sauri, sai bayan isha'i da nisa za a ci abinci, a lokacin yara sun ɓingire da barci ba su sa komai a ciki ba.

Autarmu, wato ƙaramar cikinmu, ƙosai take soyawa da safe a bakin lakwal. Su biyu ne wurin mijinsu, kwana bibbiyu suke girki, kuma uwar miji na nan tare da su. Cikin kowace Talata huɗu, biyu a girkinta suke faɗowa, ranar kuwa mutum goma sha ɗaya ke jiran tukunyarta. Da fari sai ta riƙa tashi kafin a rufe akwati. Daga baya ta koma aiko yaro da zubinta. A dokarmu rashin zuwa ba uzuri tarar dala ashirin ce, ta biya sau uku. Ranar da ta zo biyan ta ukun, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ce, "Ni dai in zagayen nan ya ƙare ku ba ni abin da na zuba. Na gaji da magana."

Mijinta bai hana ta zuwa ba. Abin da yake cewa kawai, duk daren da abinci ya yi latti, shi ne, "Ai asusu ya fi mu." Tsohuwa kuma magani take sha da dare, kuma sai ta ci abinci take shan shi. Ba wanda za a ce ya yi laifi a gidan, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Mun taɓa rasa mata biyu ta wannan hanya, ba faɗa ba rigima, sai dai a wayi gari kujerarsu ba kowa. Ga shi auta ce ke kan layin karɓar bashi don ta sari buhun wake lokacin kaka, kafin ya yi tsada. Mun gwada sauya lokacin zama. Da safe masu kasuwa ba su nan, da rana masu ɗaukar yara daga lakwal ba su nan, ranar Juma'a kowa da hidimarta. Muka dawo kan Talatarmu.

Ana cikin haka Hajiya, ma'ajiyarmu, ta dawo daga Amurka. Wata uku ta yi a jihar Teksas wurin ɗiyarta da ta haihu. Muka je barka da sauka, aka raba tsaraba, aka shiga labari. Mun zaci dogayen gidaje da manyan hanyoyi za ta ba mu labarinsu, sai muka ji ta fi daɗewa a kan madafar ɗiyarta. Ɗiyar na aiki a gidan da ake kula da tsofaffi, kuma ba ta daɗe da haihuwa ba ta koma bakin aiki. Ta fita tun da asuba, ba ta shigowa sai wajen ƙarfe bakwai na dare. Ba ƴar aiki, ba ƙanwa, ba abokiyar zama da za ta karɓe ta. Hajiya ke girki duk kwanakin, amma wata Talata ɗiyar ta ce ta huta, yau ita za ta yi.

Hajiya ta ce, "Ina zaune da jinjiri a hannu ina kallon agogo, na ce yau sai goma. Sai na ga ta ɗora kasko ɗaya tal, ta zuba niƙaƙƙen nama da yaji. Tana juyawa tana yanka salati da tomati. Ta buɗe gwangwanin wake ta tsane ruwan, ta goga cuku, ta jera komai bisa tebur. Sannan ta ɗauko leda ta wasu ƴan soyayyun abubuwa masu kusurwa uku, ta murmushe su a kai. Na ce, ke ɗiyar nan, wanga shi ne abincin dare? Ina tuwo? Ta ce, Inna, ki ci tukuna. Wallahi minti ashirin ba su cika ba munka zauna cin abinci, mijinta har da ƙari." Wata daga cikinmu ta ce, "Mi? Bai ce komi ba?" Hajiya ta ce, "Ya ce a miƙo masa cuku."

Ɗiyar Hajiya ta yi mata bayanin abincin, mu ma muka ƙara tambayarta ta waya. Asalin tako na mutanen Meksiko ne. Suna da wata ƴar gurasa siririya ta masara, mai faɗin tafin hannu, sunanta tortiya, ita ce tuwonsu na kullum. In an ɗora mata nama ko wake da ɗanyen kayan miya aka lanƙwasa ta, shi ne tako. Teksas a da cikin Meksiko take, a 1836 ta ɓalle, a 1845 ta shiga Amurka, shi ya sa girkin wurin ya haɗa na ɓangarorin biyu. Salatin tako a nan ya samo asali, kuma wajen shekarun 1960 ya yaɗu a gidajen Amurka. Kayan tako ne aka juye a kan ganyen salati, ita kuma tortiyar aka soya ta ta yi ƙamas, a murmushe a kai ko a riƙa ɗibar abincin da ita kamar cokali. Akwai ma al'ada a can ta cin tako ranar Talata, har gidajen abinci na rage kuɗinsa ranar. Da muka ji haka muka ce ashe Talata ko'ina tana da nauyi. Masu ƴaƴa a Yamai kada su rikita shi da takos ɗin da samari ke saye, wancan daga Faransa ya fito, nama ne da soyayyen dankali da miyar cuku naɗe cikin gurasar alkama.

Su ƴan soyayyun abubuwan, waɗanda a butiki ake kira cips, labarinsu ya fi burge mu. Mutanen Meksiko sun daɗe suna soya ragowar tortiya don kada ta lalace. Amma wadda ake yawan ambata a kan mayar da su sana'a wata mata ce, Rebecca Carranza, haifaffiyar Meksiko da ke zaune a birnin Los Anjalis. Ita da mijinta suna da masana'antar tortiya, a ƙarshen shekarun 1940 injinsu na fitar da wasu karkatattu da ba a iya sayarwa, sai a zubar. Ta kwashe su, ta yanka su kusurwa uku, ta soya, ta ba baƙi suka ci. Da ta ga sun cinye tas, ta fara ɗaure su a ƴan jakunkuna tana sayarwa santi goma. Wadda ke sayar da ƙuli-ƙuli a cikinmu ta ce, "Wagga ai tamu ce. Da tana Maradi da mun sa ta a ƙungiya."

Wani abin da ya sa abincin bai yi mana baƙunta sosai ba, kusan duk kayansa muna da su. Masara da tomati da tonka da aboka, har gyaɗarmu da muke alfahari da ita, asalinsu duk daga nahiyar Amurka ne, jiragen ruwa suka kawo su shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Namu waken kuwa ɗan Afirka ne, shi ya haye can a zamanin cinikin bayi, har yau ana cin sa a kudancin Amurka. Hajiya ta gan shi da idonta cikin gwangwani a kanti, da baƙin idonsa kamar yadda muka san shi. A salatin tako sun fi sa baƙin wake ko ja, irin nasu, amma ɗiyarta ta ce namu ma na shiga.

Gani ya kori ji. Muka sa ranar Lahadi a gidan Hajiya, mu takwas, har da auta da muka janyo da ƙyar. Cips na leda akwai su a manyan kantuna, amma kuɗin leda ɗaya ya isa cefanen miyar gida, don haka muka ce da kanmu za mu yi. Muka kwaɓa garin masara irin na tuwo da ruwa da gishiri, muka ce za mu murza. Ina! Ko'ina ka taɓa sai ya dare, wanda ya kai cikin mai kuma ya watse ya zama tsaki. Muka ɓata kusan rabin litar mai. Sai da muka sake kiran Teksas muka gane dalili. Su ba ɗanyen gari suke kwaɓawa ba. Ƙwayar masarar suke dafawa da ruwan farar ƙasa ko na toka, ta kwana a ciki, su wanke ta, su niƙa da danshinta. Wannan dahuwar ce ke sa ƙullun ya kama jikinsa, kuma tana sa jiki ya amfana da wani bitamin da ke ɗaure cikin masara. Babbar cikinmu ta ce ai ruwan toka ba baƙonmu ba ne, za ta gwada nata. Mu dai ranar hanya mai sauƙi muka bi, muka haɗa masarar da fulawa, ƙullu ya kama.

Kuskure na biyu ya fi na farko ciwo, don a lokacin komai ya yi kyau. Muka haɗa nama da zafinsa da salati da tomati da kindirmo da cips a babbar roba, muka juya sosai kamar kwaɗo, muka rufe muka tafi sallar la'asar. Da muka dawo, salati ya yi laƙwas, cips sun jiƙe sun zama kamar tsohon burodi cikin shayi, ruwa ya taru a gindin roba. Auta ta ɗanɗana ta ce, "In wanga zan kai gida, gara in yi latti." Hajiya ta dafe kai ta ce laifinta ne, ta manta ɗiyarta ba ta taɓa haɗawa sai mutane sun zauna. Daga ranar muka riƙe doka ɗaya: mai ruwa daban, busasshe daban, cips kuma su ne na ƙarshen shiga.

Ga yadda muke yi yanzu, na gidan mutum shida zuwa takwas. Cips tun ranar Lahadi ko Litinin ake yin su. Garin masara mai laushi gwangwani biyu, a zuba masa tafasasshen ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa har ya jiƙa, a bar shi ya huce. A ƙara fulawa gwangwani biyu, gishiri, da mai cokali biyu, a murza har ya daina kama hannu. A gutsura kamar girman ƙwai, a barbaɗa fulawa a faranti, a murza da kwalba har ya yi siriri sosai. In ya yi kauri ba zai yi ƙamas ba, tauri zai yi. A ɗora kowanne a busasshen kasko ya sha wuta kaɗan gaba da baya, sannan a yanka kusurwa uku-uku, a soya cikin mai mai zafi, minti ɗaya zuwa biyu, har ya yi ruwan zuma. A tsane, a barbaɗa gishiri da ɗan yaji, a bar su su huce sarai kafin a zuba a roba mai murfi. In aka rufe su da ɗumi gumi za su yi. Lokacin sanyi da iska ta bushe suna kai mako, da damina kwana biyu ko uku ne.

Ranar Talata, wake gwangwani biyu yana hawa wuta tare da abincin rana, kada ya dahu ya faffashe. Nama rubu'in kilo zuwa rabi, a sa mahauci ya niƙa, in ba shi da inji a daddatsa shi ƙanana ko a kirɓa a turmi. Mai firigo ta ajiye shi ɗanye, wadda ba ta da shi ta soya shi tun da rana. Salati kai uku ko huɗu a wanke a shanya a kwando, a rufe da tsabtataccen zane a inuwa. Shi ke nan, sai a tafi zama da kwanciyar hankali.

An dawo, an yi magariba, sai a ɗora kasko. Mai cokali biyu, albasa ɗaya, tafarnuwa, nama, gishiri, garin tonka da tattasai. Su can suna sa wata ƙwayar ƙamshi mai suna kumin, ita ce ke ba shi ɗanɗanon da aka san tako da shi, ana samun ta wurin masu kayan yaji, in babu yajin gida ya wadatar. In nama ya soyu a zuba wake da ɗan ruwa, a bari su tafasa sosai tare har ruwan ya tsotse. Kafin nan an yanka tomati biyar ƙanana da albasa ɗaya, ƴar Galmi in an samu, da attarugu daidai bakin masu gida, an matse lemun tsami biyu da gishiri. Kindirmo kofi ɗaya a kaɗa shi da ɗan gishiri da lemun tsami, shi ne madadin tsamammen kirim da suke sawa. Cukunsu mai laushi ne ana goga shi, namu busasshe ne, sai a ɗan gasa a daka, yana ba da nasa daɗin. Mai aboka ta yanka. A shimfiɗa salati a tire, nama da wake a kai bayan sun ɗan sha iska, tomati da albasa, kindirmo, sai kowa ya wanke hannu ya zauna sannan a murmushe cips. Mun duba agogo sau da yawa, tsakanin minti ashirin ne da ashirin da biyar, a gaz ko a gawayin da ya riga ya kama.

Akwai abu biyu da ba mu wasa da su. Na farko wankin ganye. Abincin nan ɗanye ne rabinsa, kuma ba mu san irin ruwan da aka yi ban ruwan lambu da shi ba. Ganye ɗaya-ɗaya ake ware salati a wanke da ruwa mai tsabta, a sauya ruwan sau uku, masu jiƙawa da maganin wankin ganye su bi awon da ma'aikatan lafiya suka faɗa, su ɗauraye. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama ba sa taɓa salati sai an wanke su da sabulu. Na biyu dafaffen wake. Da zafin garinmu ba ya son zama, shi ya sa muka ce dole ya sake tafasa da dare, kuma abin da ya rage bayan an haɗa ba a ajiye shi sai gobe.

To, ƙaƙa aka karɓe shi a gidaje? Gaskiya ba duka aka yi dace ba. Mijin wata ya cinye nasa tas, ya wanke hannu, ya ce, "Madalla, to kawo abincin." Wani kuma leburan gini ne, ya ce ganye ba ya riƙe masa ciki har safe, sai matarsa ta koma shimfiɗa shinkafar da ta dafa a ƙasa kafin salati, aka zauna lafiya. Yara ne ba a sha wahala da su ba, sai dai a ɓoye robar cips, don a gida biyu an wayi gari Talata ba ko ɗaya. A yau gida tara ne cikin ashirin da biyar suke yin sa kusan kowane mako. Wasu sun gwada sau ɗaya sun bari, ba mu ga laifinsu ba.

Maganar kuɗi kuma, in aka cika nama da cuku da aboka kamar yadda suke yi a Teksas, ya fi tuwo da miyar kuka tsada nesa ba kusa ba. In aka rage nama aka ƙara wake, yana zuwa daidai da shinkafa da miya, ga ragin itace ko gaz. Akwai makon da wasunmu ba su sa nama ko kaɗan, wake da yaji da albasa kawai. Kuma abinci ne mai lokaci. Da sanyi, sa'ad da kayan lambu suka cika kasuwa, salati da tomati araha suke. Da bazara ta kama salati na ƙaranci ya yi ɗaci, sai mu koma shu, wato kabeji, a yanka shi siriri a murza da gishiri da lemun tsami. Wasu ma sun fi son shi, don ba ya saurin laushi.

Babbar cikinmu, wadda ta aurar da jikoki, ta daɗe tana kallonmu muna wannan hidima. Rannan ta ce, "Ni fa ban ga baƙo ba a nan. Ganye ne da wake da abin ƙurus a kai. Kwaɗo ne ya tafi Amurka ya yi arziki." Muka yi dariya, amma maganarta ta tsaya mana a rai. Muna da kwaɗon zogale da na rama da ƙuli-ƙulinmu tun kaka da kakanni, ba sa cin lokaci, amma mun ɗauke su abin marmarin rana ko abincin ranar babu. Kunya muke ji mu ajiye wa maigida su da dare, kada a ce mace ta yi ƙiwa. Sai da muka ji wata mai aiki tun asuba ta ajiye wa mijinta irinsa ba tare da ta ba da haƙuri ba, sannan muka tambayi kanmu wa ya ce dole sai an sha hayaƙi awa biyu kafin abinci ya ci sunansa. Abin da muka ɗauka wurin ɗiyar Hajiya shi ne aikin abincin dare ana iya rarraba shi, wani jiya, wani da rana, a bar wa daren ɗan kaɗan. Yanzu akwai gidaje huɗu da ba su taɓa soya cips ba, amma ranar Talata zogale ke dahuwa da rana, da dare a kwaɗa da ƙuli-ƙuli da tomati.

Auta ba ta fita ba. Talatar farko da ta gwada, tsoronta tsohuwa ne, don haƙoranta sun ƙare. Sai ta tuna da kuskurenmu na gidan Hajiya, ta haɗa na tsohuwa tun da wuri da kindirmo mai yawa, ta bar cips suka jiƙa suka yi laushi. Tsohuwa ta ci, ta sha maganinta kafin isha'i, ta ce gobe ma a yi. Maigidan har yanzu tuwo ya fi so, kuma yana samun sa sauran kwanakin girkinta. Ranar Talata yakan ce, "Yau abincin ƴan asusu ne ke nan," amma yana zama ya ci, kuma mun daina jin maganar asusu ya fi su. Abokiyar zamanta ma ta nemi a nuna mata yadda ake murza ƙullun. Bashinta ya fito, ta sari wakenta da kaka. Da yake kaskonta da mai suna kan wuta kowace safiya, in ta gama ƙosai ranar Litinin sai ta sauya mai ta soya cips, ta ɗaura a leda ta kawo wurin zama. Waɗanda ba su da lokacin murzawa wurinta suke saye.

Mun san ba mu kaɗai ke fama da marecen ranar zama ba. In a ƙungiyarku akwai wadda ta fara aiko yaro da zubi, kafin ku rubuta mata tara ku tambaye ta ƙarfe nawa ake cin abinci a gidanta ranar. Mu sai da muka karɓi tara uku kafin muka yi wannan tambayar, kuma ba mu ji daɗin kanmu ba. Waɗanda suka gwada salatin nan, ko suke da wata dubarar abincin dare mai sauri, ƴan uwa na Damagaram da Tawa da Yamai da Dosso, ku aiko mu ma mu ƙaru. In babbarmu ta yi nasara da ruwan tokarta za mu sanar da ku. Allah ya sa albarka a akwatunanmu da tukwanenmu, ya bar zumunci.